Bulo Mai Sawun Kaza

Ƙadangare ne ya fara gaya wa Mama Hannah cewa bangon ɗakinta ya tsage. Tana zaune a bakin gado da hantsi tana tsince wake, sai ta ga jan kai ya leƙo ta cikin bango, a wurin da ba taga ba ƙofa. Ya gyaɗa mata kai irin yadda suka saba, ya jawo sauran jikinsa, ya bi ta bayan hoton Maryamu ya ɓace. Ta tashi ta sa yatsa a wurin. Yatsan ya shige har ya taɓo iskar waje.

Ba ta tsorata ba, don maganin abin yana jibge a gindin mangwaro. Gidan da take zaune a unguwar Ketaren Gwari, cikin garin Minna, na ɗanta Josiah ne: ginin bulo a gaba, mai baranda da aka kewaye da ƙarfe, sai ɗakinta na laka a can baya, shi kaɗai ya rage daga tsohon gida. Ta daɗe da sanin ɗakin ya gaji. Shi ya sa duk abin da ta samu a cinikin itace da gawayi, wanda take dakonsa a kafaɗa kamar yadda matan Gbagyi ke yi, sai ta sayi buhun siminti ta kira mai buga bulo. A haka ta tara abin da zai tayar mata da ɗaki guda. Safe da yamma takan yayyafa musu ruwa tana yi musu magana kamar awaki. Akwai ɗaya da kaza ta bi ta kansa tun yana ɗanye, ta bar sawunta a jiki, yatsu uku a baje, sau biyu. Mai bugun ya so ya fasa shi ya sake, ta hana. Ta ce wannan a saman ƙofa za a sa shi.

Josiah ya yi mata alkawari, da an wuce bikin Ista zai kawo birkila.

Ista ta wuce, sai maganar makaranta ta taso. Makarantar Katolika ce ta 'yan mata, inda 'yarsa Favour take karatu a kwana, shi ne kuma shugaban kwamitin iyaye. Buƙatar makarantar ba ƙarya ba ce. A ɗakin cin abinci suke sujada, a ture tebura a yi addu'a, a mayar da su a ci wake. Ɗakin kwana kuwa yara biyu ne a katifa ɗaya. Aka sa ranar buɗe asusun gina majami'a da sabon ɗakin kwana.

Mama Hannah ta ɗaura zaninta na zumuntar matan coci ta je. An kafa rumfuna a filin ƙwallo, lasifika na tashi har kan titi. Fada, limamin cocin, yana zaune a gaba. Shugabar makarantar, Sista Dorothy, ta yi jawabi gajere. Sai aka shiga alkawura. Wani ɗan kasuwa daga Limawa ya miƙe ya ce yashi da tsakuwa duka a wuyansa. Fili ya ɗauki tafi. Mai gabatarwa ya juya wajen Josiah yana dariya.

"Ciyaman! Baƙo ya shigo gidanka ya cinye tuwo, kai kana kallo?"

Ta ga ɗanta ya gyara zama, ya taɓa hula, ya dubi matarsa Patricia. Sannan ya miƙe ya karɓi makirfo.

"Ni da iyalina, bulo dubu!"

Mama Hannah ce ta fara rangaɗa guɗa. Ta tashi ta taka rawa har matan da ke kusa suna riƙe ta kada ta faɗi.

Da yamma Josiah ya zo ƙofar ɗakinta. Bai shiga ba, ya dafa katakon ƙofa ya tsaya.

"Mama, kin ci abinci?"

"Na ci. Shekwolo, yau ka sa na yi rawar da na manta." Ita kaɗai ke kiransa da sunan gida.

"Mama, bulon nan na gindin mangwaro. Aro za ki ba ni."

Ta ajiye carbin da ke hannunta. "Wane bulo?"

"Na riga na faɗa a gaban mutane. Abin da zan iya bugawa yanzu bai kai ba. In aka haɗa da naki, zai rufa min asiri."

"To ɗakina fa? Zo ka ga bangon."

"Na gani, Mama. Bangon nan tun ina yaro yake tsaye, ba bana zai faɗi ba. Kafin ruwa ya yi ƙarfi zan buga miki sabo, na inji, wanda ya fi wannan. Aikin Allah ne fa."

"Allah ya san ɗakina."

"Jikarki ce za ta kwana a ginin nan. Ko kina so a ce Ciyaman ya yi ƙarya a gaban Fada?"

Ta sake ɗaukar carbinta. Shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin amsa, ya yi mata sai da safe.

Ranar Asabar aka sa za a kwashe. Tun da sassafe Patricia ta zagayo baya ta tsaya tana kallon bangon, hannu a ƙugu. A lokacin tsagar ta kai tafin hannu ya shige. Ta koma ciki ta fito da wani ƙaton ƙyallen talla na leda, wanda aka buga hoton majami'ar da za a gina a kai, fara fat, da hasumiya da 'yan mata suna murmushi. Ta sa aka buga ƙusoshi aka rataya shi, ya rufe bangon daga sama har ƙasa.

"Maman Favour, wannan kuma na mene ne?"

"Don masu aiki su ga abin da suke wa wahala, Mama. Ai ya ƙara wa ɗakinki kyau."

Matan zumunta suka iso da waƙa, mota a-kori-kura tana biye da su. Sista Dorothy da kanta ta zo. Ta rusuna ta gaida Mama Hannah, ta riƙe hannunta da hannu biyu.

"Mama, kin haifi ɗa. Muna roƙo ke za ki ɗauki na farko, ki sa wa aikin albarka."

Mata suka yi guɗa. Wata ta ɗauko na saman ta miƙo mata, sai ga sawun kaza yana kallonta. Ta ɗora shi a kafaɗa, inda fata ta yi kanta saboda itace, ta taka zuwa mota a hankali, suna tafi suna kiran sunanta. Da ta dawo sai ta tarar Sista ta tsaya tana duban rufin ɗakin laka da ya leƙo ta saman ƙyallen.

"Nan kike kwana, Mama? Ba ya yoyo?"

Maganar ta zo mata har baki. Ta ɗaga ido sai ta haɗa ido da Josiah, yana tsaye bayan Sista da bulo a hannu, gumi na bin fuskarsa. Kallon da ya yi mata irin na yarinta ne, in ya fasa tulu yana jiran ya ga ko za ta gaya wa ubansa.

"Lafiya lau yake, Sista," in ji ta.

Kafin azahar gindin mangwaro ya zama fili. Sai shatar wurin da bulon ya zauna, da kyankyasai suna neman maɓoya. Da yamma ta ɗauko bokiti ta cika da ruwa ta nufi wurin, sai da ta kai ta tuna. Ta zuba wa mangwaron.

Damina ta sauka. Ruwan Minna ba ya sallama, sai dai ka ga gabas ta yi baƙi, iska ta kwashe shanya, ya kece. Duk ruwan da aka yi, bangon sai ya sha ya ƙoshi, in rana ta fito ya ƙara buɗe baki. Ta cusa tsummoki a tsagar, suka jiƙe suka zube. Wata safiya ta ga ɗan tsako ya shigo ta nan yana tsattsagar garin ƙasa, uwarsa na kiransa daga waje. Ta matsar da gadonta zuwa ɗaya bangon. In ana ruwa takan ji wani ɗan sauti, tas, tas, ƙasa na zuba a kan murfin kwano.

Ta tare Josiah yana goge mota zai fita aiki.

"Shekwolo, ɗan tsako yana wucewa ta bangon."

"Mama, siminti ya hau. Ki bari a gama harsashin makaranta, ido yana kaina yanzu."

Ta sake tare shi bayan an gama harsashi.

"Ai ba a buga bulo cikin ruwa haka, Mama, narkewa zai yi. Ke ma kin sani. Sai rani."

"Ni zan kai rani. Bangon ne ban sani ba."

"Ki daina irin wannan maganar. Ina bangaskiyarki?"

Sai ta gwada wajen Patricia. Akwai ɗakin baƙi a cikin gidan bulo, ba mai kwana a ciki. Ta same ta a kicin tana yanka kuɓewa.

"Maman Favour, ki ba ni gefe a ɗakin baƙi har ruwa ya ɗauke. Tabarma ta ishe ni."

Patricia ta goge hannu ta kai ta ta buɗe ƙofar. Doya ce jibge har taga, buhunan shinkafa, jarkokin manja, kujerun roba, da firji sabo a kwalinsa. Kayan da iyaye ke kawowa ne don bikin girbi, ranar da za a yi gwanjonsu a zuba abin da aka samu a asusun gini.

"Kin gani da idonki, Mama. Kayan Allah ne aka ba mu amana. In wani abu ya ɓata, sunan wa za a kira?"

"To falo fa?"

"Kwamiti na zama a falo kullum. Kuma kin san tarin nan naki, ga warin hayaƙi a kayanki. Manyan mutane ne ke zuwa. Ki yi haƙuri, da an yi girbi ɗakin ya zama naki."

Tarin ma a ɗakin ta same shi. Ƙasan ya jiƙe, katifa ta ɗauki sanyi, gishirinta ya zama ruwa a cikin gwangwani.

Mutum ɗaya ce ke ɗaga ƙyallen ta leƙa bayansa: Dije mai nono, wadda ke zuwa daga Tudun Fulani ta sauke ƙwaryarta a gindin mangwaro ta huta. Sun daɗe suna ciniki suna tsokanar juna.

"Bagwariya, kina nan ko kafaɗar ta karye?"

"Ina nan, 'yar Fillo. Yau ruwan rijiya nawa kika zuba a nonon?"

"Ruwan da ke ɗakinki ya ishi garin nan, me zan yi da rijiya?" Dije ta ɗaga ledar ta leƙa. Dariyar ta tsaya mata. Ta zura hannu a tsagar har gwiwar hannu. "Hannatu, wannan ba ɗaki ba ne, tarko ne. Tashi ki ɗaure kayanki mu tafi gidana. Maigidana Ya'u ba zai ce komai ba."

"In tafi, a ce me? A ce uwar Ciyaman tana kwana a gidan mutane?"

"A ce mana! Ƙarya ne?"

"Za su cire shi. Ba zai ƙara ɗaga kai a coci ba."

"To ki gaya wa Fadanku, ko matar nan mai farin lulluɓi."

"Ni na haife shi, Dije. Ba da bakina ba."

Dije ta yi tsaki ta dama mata fura, ta ƙi karɓar komai. Washegari mijinta Ya'u ya zo da manyan sandunan gora a keke mai ƙafa uku. Ya haƙa ƙasa ya kafa gindinsu, ya tokare bangon da su, ya danna duwatsu. Patricia ta fito tana faɗa, wai za a mayar mata da gida kamar rugga. Da ta ga Ya'u bai ko ɗago ba, sai ta ce to lallai sandunan su zauna a bayan ƙyalle. Ƙusoshin ma duk sun zube, laka ta yi laushi ba ta riƙe ƙarfe, don haka a jikin gorar aka ɗaure ƙyallen da igiya. Majami'ar hoton ta yi tozo, kamar mai ciki.

"Mama," in ji Ya'u yana kaɗe hannu, "wannan riƙo ne kawai, ba gyara ba. Kada kowa ya taɓa su. Su ne ƙafafunsa yanzu."

Gorar ta riƙe. Aka yi ruwan Agusta, aka yi na Satumba, bangon na jingine a kanta kamar tsoho da sanda. Tsagar dai ba ta fasa buɗewa ba. Kyanwar maƙwabta ta daina zagayawa ta ƙofa, ta nan take shiga ta fita. Mama Hannah ta daina fita itace. Tarin ya sauka ƙirji, zazzaɓi na zuwa yana komawa. Takan kwanta ta zuba wa tsagar ido, hasken da ke shigowa ta cikin ledar ya sa ɗakin ya yi wani shuɗi-shuɗi, har ta riƙa ganin kamar a ƙarƙashin ruwa take, kifaye za su wuce ta saman kanta.

Ranar bikin girbi ta zo, Lahadi ce a ƙarshen damina. Ta kwana biyu ba ta iya cin abinci ba. Tun da safe take jin motoci a ƙofar gida, ana fitar da doya da shinkafa. Ta ce a ranta, yau ɗakin baƙi zai zama fili. Ta lallaɓa ta ƙulle 'yan kayanta a zani ta ajiye a bakin gado.

Sai ta ji muryoyi a bayan bangon, da ƙarar dutse ana turewa.

Ta dafa gado ta miƙe, ta fito tana riƙe da ƙofa. Maza biyu daga makaranta ne, Patricia na tsaye a kansu da gwaggwaro da jaka. Sun riga sun tumɓuke gora ɗaya.

"Kai! Ku bari! Kada ku taɓa!"

"Mama, ƙyallen za mu kai fili," in ji Patricia. "Bayan teburin manyan baƙi za a kafa shi."

"Ku kwance igiyar ku ɗauki ƙyallen. Ku bar sandunan."

Ɗaya daga cikin mazan ya tsaya yana duban bangon. "Madam, gaskiya kamar sandunan nan suna riƙe da wani abu."

"To a jikin me za mu kafa shi a fili? A iska? Igiyar ma ta jiƙe ta ƙulle, wa ke da lokacin kwancewa? Ku cire, an kusa fara sujada."

Josiah ya zagayo cikin babbar riga, makullin mota a hannu. Mama Hannah ta kama hannun rigarsa.

"Shekwolo, ƙafafunsa ne. Ya'u ya ce kada a taɓa."

Ya dubi bangon. A karon farko tun Ista ya gan shi tsirara, tsagar ta tashi daga ƙasa har ƙarƙashin kwano, ana hango gadon uwarsa ta ciki. Ya dubi sama. Sama fes take, ba ko ɗigon gajimare.

"Yini ɗaya ne, Mama. Dubi gari, ruwa ya ɗauke. Da yamma da hannuna zan mayar da su. Yau ma a ciki za ki kwana, ɗakin baƙi ya zama fili."

"To buɗe min in shiga yanzu."

"Sai an share an wanke," in ji Patricia. "Duk ƙasar doya ce. Mu dawo tukuna. Daddy, ana jiranka, kai ne za ka buɗe gwanjo."

Ya zare hannun rigarsa a hankali. Aka naɗe majami'ar a jikin gorar, aka ɗora a mota. Ta ji an ja ƙofar ƙarfen baranda, ta ji kwaɗo ya ce ƙas. Gida ya yi tsit.

Ba ta koma ɗakin ba. Ta jawo kujerar tsuguno ta zauna a gindin mangwaro, inda bulonta ya taɓa zama, ta rufa da zani tana rawar sanyi cikin rana. Ta ja carbi har ta manta inda ta tsaya. Kaji suka zo suka kewaye ta suka watse. Bangon na tsaye shi kaɗai, tana kallonsa yana kallonta.

Bayan azahar iska ta canza. Ganyen mangwaro ya juya bayansa. Ta ɗaga kai ta ga gabas ta haɗe, irin hadarin bankwana mai zuwa da fushi. Ta tashi ta lallaɓa zuwa baranda ta kama ƙarfen ta girgiza. Kwaɗon ya yi ta lilo. Ta cikin ƙarfen tana ganin busasshen siminti, da tabarma a naɗe a jingine, taku kaɗan tsakaninta da su. Ta kira maƙwabta, amma rabinsu suna wajen bikin, sauran kuma iska ta kwashe muryar.

Ruwa ya kece. A tsaye ya fara, sannan ya kwanta yana dukanta ta gefe. Ta raɓe a jikin ƙarfen, ba abin da ya tare mata. Tsawa ta faɗi kusa, reshen mangwaro ya karye ya faɗo kan kujerar da ta tashi. Haƙoranta na haɗuwa, tari ya turnuƙe ta har ta durƙusa. Ta ce a ranta, in na tsaya nan sanyi zai kashe ni kafin su dawo. Bari in shiga in ɗauko bargo kawai, in fito.

Ta shiga. Ɗakin ya fi waje ɗumi. Ta jawo bargon ta yafa, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, ta zauna a bakin gado don ta ɗan huta. Tas, tas, ƙasa na zuba a kan murfin kwano. Ta ga ƙadangaren nan mai jan kai ya fito daga bayan hoton Maryamu a guje, bai tsaya gyaɗa kai ba, ya bi ta ƙofa cikin ruwa. Ta yunƙura za ta bi shi.

A filin makaranta ruwan bai ɓata komai ba, an koma ɗakin cin abinci an ci gaba da gwanjo. Ana cikin tayin wani ƙaton bunsuru Ya'u ya shigo jiƙe sharkaf, laka har gwiwa, yana tambayar ina Ciyaman. Dije ce ta biya da nono bayan ruwa ya tsagaita, ta tarar bangon ya rufta, rufin kwanon ɗakin a ƙasa.

Mutane sun cika gidan kwana da kwanaki. Fada ya zo, matan zumunta suka kwana suna waƙa. Kowa ya tambaya sai a ce masa tsautsayi ne, ruwan bana ya yi ƙarfi, tsofaffin gine-gine da yawa sun faɗi a gari. Patricia ta riƙa gaya wa masu gaisuwa yadda ta yi ta roƙon Mama ta dawo cikin gida, amma tsofaffi ba sa rabuwa da ɗakinsu. A ɗakin baƙi, wanda aka share aka wanke, aka sauki dangi daga ƙauye.

Dangi suka ce a gida za a binne ta, a inda ɗakinta yake. Aka kwashe laka aka haƙa. Birkilan da aka kira ya leƙa ramin ya ce ƙasar ta sha ruwa, tana zubewa, dole a gina cikin kabarin da bulo kamar yadda aka saba, kuma busasshe, ba sabon bugu ba. Josiah ba shi da ko ɗaya. Da labari ya kai makaranta, Sista Dorothy ta ce ba za a bar uwar Ciyaman a haka ba. Ta sa aka ɗebo daga wanda ya rage a wurin gini, ta biyo motar da kanta. Mutane suka yi ta yaba wannan karamci.

Dije na zaune a gindin mangwaro, ba ta ɗauko ƙwarya ba ranar. Ana sauke bulon a gabanta, sai ta miƙe ta dafa ɗaya.

"Wannan a saman ƙofa ta ce a sa shi."

"Kin san shi ne, Mama?" in ji Sista.

"Na san kazar ma." Dije ta shafa sawun da yatsa. "Duk nata ne. Itace ta sayar ta buga su, don ta gyara ɗakin da ya kashe ta. Ba aro kuka kawo ba, Sista. Kayanta kuka dawo mata da su."

Sista Dorothy ta juya ta dubi Josiah, ta daɗe tana dubansa, sannan ta dubi tulin jar lakar da aka ture gefe. Shi kuwa idonsa na cikin ramin.

Majami'ar makaranta ta tashi, kuma ta yi kyau. 'Yan mata sun samu gado ɗaya-ɗaya, ba wanda zai ce ba su cancanta ba. A jikin bangon shiga an kafa allon dutse da sunayen waɗanda suka ba da gudummawa, na Josiah da iyalinsa na biyu daga sama. Ba wanda ya tambayi bulo daga ina ya fito ranar da ake tafi, don ba a saba tambaya ba. Ana duba hannun da ya miƙa ne, ba a zagayawa bayan gida.

Amma a ranar jana'izar, birkila ya gama jera bulon, ya sa mai sawun kaza a wajen kai. Ya ɗago daga cikin ramin da cokalin gini a hannu.

"Ciyaman, a bar shi haka, ko a yi masa shafe?"

Josiah ya share fuska da hannun riga.

"A shafe shi da kyau," ya ce. "A sa siminti sosai. Kada ruwa ya shigar mata."